Wani ɗan ƙauyen bakin iyaka a Turai ya tuna min da namu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya aiki ya jama'ar gidanku, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a ɗan bani fili, wasiƙar tawa tana da tsawo amma ina roƙon kada a yanke ta, don maganar ta daɗe tana cina a rai kuma ni dai ban ga inda ya dace in kaita ba in ba jaridar da ake rubutawa da harshenmu ba.

Abun da ya jawo maganar hoto ne guda ɗaya. Ɗan ƙanwata yana karatu a ƙasar Hangari, to kwanakin baya da suka samu hutu sai wani abokin karatunsa ya gayyace shi garinsu can yammacin ƙasar dab da iyakar Ostiriya, yaron nan ya tsaya a bakin gari ya ɗauki allon da ake rubuta sunan gari ya turo min ta WhatsApp, yace Kawu kalli wannan, gari ɗaya suna biyu. A sama an rubuta Szentpéterfa, wanda suke faɗa kamar Sentpeterfa, a ƙasa kuma Petrovo Selo. Na farkon da harshen Hangari ne, na biyun da harshen Kuroshiya, duka ma'anarsu ɗaya wato ƙauyen Bitrus, da sunan waliyyin da cocin garin ke ɗauke da shi. Masu jin Jamusanci na maƙwabta kuma suna ce masa Prostrum, kaga uku kenan. Yace min Kawu abun mamakin ma shine a gidan da na sauka tsofaffin ba da harshen Hangari suke hira ba, su Kuroshiyawa ne, alhali ƙasar Kuroshiya tana can kudu da nisa. Ni kuma malamin makaranta ne shekara da shekaru, mahaifiyata Allah ya jiƙanta 'yar wani ƙauye ce a gefen Jibiya, rabin danginta suna tsallake ta wajen Ɗan Isa da Maraɗi, don haka da naji ance ƙauyen bakin boda sai kunnena ya tashi. Na zauna na bi labarin garin nan iya yadda zan iya, abun da na samu shine nake son in ɗan gutsura wa masu karatu.

Garin ƙarami ne, mutanensa kimanin dubu ɗaya ne kacal, wata unguwa ɗaya a Rigasa ko Tudun Wada ta ninka su sau ba adadi. Yana cikin lardin Vas, babban birnin da ke kusa dasu shine Szombathely, kuma Ostiriya ta kusan zagaye shi, kana fita ta yamma kaɗan ka shiga garin Eberau na Ostiriya. Mafi yawan mutanen garin Kuroshiyawa ne mabiya ɗariƙar Katolika. Sunan garin ya fito a rubuce tun ƙarni na 13, tun kafin Kuroshiyawan su zo ma.

To ya akayi suka zo? Gudun yaƙi ne, irin wanda muka sani. A ƙarni na 16 Daular Usmaniyya, ta Turkiyya nake nufi ba tamu ta Sakkwato ba, tana ta matsowa cikin Turai. A 1526 akayi yaƙin Mohács aka murƙushe rundunar Hangari har sarkinsu ya mutu, a 1529 Turkawa suka yi wa Biyana babban birnin Ostiriya ƙawanya, a 1532 suka sake dawowa suka tsaya a Kőszeg, wani ɗan gari ne a wannan lardin na Vas ɗin dai, kuma wanda ya jagoranci kare garin Nikola Jurišić shi kansa Bakuroshiye ne. Duk inda runduna ta bi ai ba sai an faɗa ba, ƙauyuka sun watse, gonaki sun koma daji babu mai nomawa. A ɗaya gefen kuma can ƙasar Kuroshiya hare-hare sun hana talaka sakat. To manyan masu ƙasa irin gidan Erdődy da gidan Batthyány da gidan Nádasdy suna da filaye a can kudu suna da su a nan arewa, sai suka riƙa kwaso talakawansu daga inda ake yaƙi suna zaunar dasu a inda ya zama kufai, su sun samu masu noma da biyan haraji, talaka kuma ya tsira da ransa. Haka dubban mutane suka taso da iyalansu da limamansu na coci da littattafan addu'arsu. Jikokinsu sune yau ake kira Kuroshiyawan Gradišće, wato Burgenland, suna warwatse a Ostiriya da Hangari da gefen Bratislava a Sulobakiya. Petrovo Selo ɗaya ne daga cikin waɗannan garuruwan.

Malam Edita da na karanta wannan wallahi Mai Wurno ce ta faɗo min a rai. Bayan yaƙin Burmi a 1903 da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, jama'arsa suka ci gaba da tafiya gabas har suka zauna a bakin kogin Nilu a Sudan, garin ya ɗauki sunan ɗansa. Ko Maraɗi kanta ai sarakunan Katsina na Haɓe ne suka kafa ta bayan jihadi, shi yasa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi, haka Suleja da sarakunan Zazzau. Mutum in ya gudu baya tafiya hannu rabbana, yana tafiya da sunan gidansu da harshensa da yadda ake ɗaura aure a garinsu. Bambancin kawai su waɗannan mutanen yanzu shekara kusan 500 kenan, kuma har yau in ka shiga gidan tsohuwa da harshen kakanninta zata yi maka sannu da zuwa.

Harshen nasu ma abun dubawa ne. Ba irin na Zagreb babban birnin Kuroshiya bane sak, tsohon kari ne da suka taho dashi, ya tsaya nan gefe guda yana aron kalmomi daga Jamusanci da harshen Hangari, kamar dai yadda zaka ji Hausar zango a Kumasi ko Hausar mutanenmu na Sudan, ka gane komai amma kasan ta sha wani ruwan daban. Suna rubuta shi, suna da littattafansa, suna da jaridarsu ta mako mako da asalinta ya faro tun 1910, kaga ta girmi Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a Zariya a 1939 da kusan shekara talatin. Mutanen da gaba ɗayansu basu kai yawan ƙaramar hukuma ɗaya a jihar Kaduna ba.

Inda labarin yafi kama ni shine bayan yaƙin duniya na ɗaya. Kafin nan duk yankin nan ƙasa ɗaya ce, babu wata iyaka tsakanin Petrovo Selo da Eberau, ana auratayya ana cin kasuwa ɗaya. Da daular Ostiriya da Hangari ta rushe sai manyan ƙasashen da suka ci yaƙi suka zauna a Faransa suka yanka ta, yarjejeniyar Saint-Germain a 1919 da ta Trianon a watan Yuni 1920 suka ɗauki yammacin Hangari suka baiwa Ostiriya, shine ya zama jihar Burgenland. Birnin Sopron ne kawai da kewayensa aka bari suka jefa ƙuri'a a Disambar 1921 suka zaɓi zama a Hangari. Petrovo Selo kuwa layin ya jefa shi Ostiriya ba tare da an tambayi kowa ba. Mutanen garin suka ce basu yarda ba. Ku lura fa, su ba Hangarawa bane ba kuma Jamusawa ba, Kuroshiyawa ne, amma kasuwarsu da hanyarsu da duk hulɗarsu ta wajen Szombathely take, in aka yanke su daga can ina zasu kai amfanin gona. Suka yi ta kai kuka gaban hukumar shata iyaka basu gaji ba, har dai a 1923 aka yi musanya, Petrovo Selo da wani ɗan ƙauye Ólmod suka koma Hangari, Ostiriya kuma ta karɓi Rattersdorf da Liebing a madadinsu. Akwai wasu ƙauyukan kwarin kogin Pinka da suma aka mayar a wannan lokacin. Daga baya har majalisar dokokin Hangari ta basu laƙabin ƙauyuka mafi riƙon amana.

Ni abun da na ɗauka a nan ba laƙabin bane. Shine ƙauye mai mutum dubu da 'yan kai ya buɗe baki yayi magana har aka gyara taswira. Mu fa? Iyakarmu da Nijar wajen kilomita 1,500 ce, Turawan Ingila da na Faransa ne suka yi ta jan layinta a takarda tun daga 1890, suka sake a 1898, suka gyara a 1904 da 1906, kuma gyaran ma don Faransawa su samu hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram da tafkin Chadi ne, ba don wani Bakatsine ko Bagobiri ya koka ba. Kakar mahaifiyata an aurar da ita gari na gaba ne kawai, tafiyar hantsi a ƙafa, sai gashi wasu jikokinta 'yan wata ƙasa ne masu karatun Faransanci. Wuri ɗaya na sani aka tambayi mutanenmu na bakin iyaka, shine ƙuri'ar 1961 da su Mubi da Gwoza da Gembu suka zaɓi Najeriya maimakon Kamaru aka kira wajen lardin Sardauna. Ko da kotun duniya ta yanke hukunci a 2002 kan iyakarmu da Kamaru kowa Bakassi yake ta faɗa, ƙauyukan tafkin Chadi irinsu Darak da aka miƙa wa Kamaru a ƙarshen 2003 mutum nawa ne a Kaduna zai iya faɗa maka sunan guda biyar a cikinsu, alhali masuntan da ke ciki da yawansu Hausa suke ji.

Amma kada a ɗauka zaɓin da mutanen Petrovo Selo suka yi ya zame musu hutu. Bayan yaƙin duniya na biyu Hangari ta faɗa hannun 'yan gurguzu ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet, Ostiriya kuma ta tsaya a ɗaya ɓangaren, to wannan layin da suka yi ta fafutuka akansa sai ya zama shine bangon da ya raba duniya biyu. Daga ƙarshen shekarun 1940 aka kafa waya mai ƙaya, aka binne nakiyoyi, aka gina hasumiyoyin masu gadi, daga baya aka cire nakiyoyin aka sa waya mai lantarki da take ƙara in an taɓa. Garin da Ostiriya ta kusan zagaye shi kaga ya zama kamar aljihu, hanya ɗaya ce shiga da fita, kuma duk yankin bakin iyakar sai da takardar izini baƙo zai shiga ko da ɗan ƙasa ne. Ka duba fa, ƙanwarka tana aure a garin da kake hango hasumiyar cocinsa daga gonarka, kana jin ƙararrawarsu, amma in ta rasu baka isa kaje jana'iza ba. Shekara arba'in ana haka. 'Yan uwansu da layi ya bari a Ostiriya kuwa suna ta samun aiki a Biyana suna gina gidaje, har yarjejeniyar 1955 da ta baiwa Ostiriya 'yancinta ta ambaci haƙƙin Kuroshiyawa a sashe na 7, makaranta da harshensu da allunan gari da harshe biyu, duk da su allunan sai a shekarar 2000 aka kafa su.

Wannan wajen na karanta shi da hawaye a idona don nasan ɗanɗanonsa. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa na Najeriya, daga baya ma aka hana kai man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga boda, wasu iyakokin aka buɗe a Disambar 2020 amma ta Jibiya sai 2022. A cikin wannan tsakanin yayar mahaifiyata ta rasu a tsallake, ita ce ta goye ni ina jariri, na taso daga Kaduna tun asuba na isa bakin iyaka da azahar aka ce ba hanya, masu babur suna cewa zasu bi dani ta daji in biya kuɗi mai yawa, ni kuma da shekaruna da halin da dajin yake ciki ban iya ba, na zauna a gindin wata bishiya nayi mata addu'a na juyo. Ba'a jima ba kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa sai Maris 2024. Ban zo yin gardama kan shinkafa ko siyasar ECOWAS ba, masu ilimin wannan suyi. Tambayata ita ce lokacin da ake yanke shawarar nan akwai wanda ya buɗe wani littafi ya duba mutum nawa ne ke zaune a ƙauyukan nan, nawa ne gonarsu take tsallake, nawa ne asibitin da yafi kusa dasu yake ɗaya gefen? Na tabbata babu, don littafin ma babu shi.

Su can Hangari wayar ta faɗi a 1989. A watan Mayu sojojin Hangari suka fara kwance ta, a watan Yuni ministocin harkokin waje na ƙasashen biyu Gyula Horn da Alois Mock suka tsaya gaban masu ɗaukar hoto suka datse ta da almakashin ƙarfe. Hangari ta shiga Tarayyar Turai a 2004, a Disambar 2007 aka daina tsayar da mutane a iyakar gaba ɗaya. Ɗan ƙanwata yace a keke suka tsallaka shi da abokinsa suka sha shayi a Ostiriya suka dawo, babu wanda yace musu kanzil. Yanzu da yawa daga mutanen yankin da safe su tafi aiki Ostiriya da yamma su dawo gida, saboda albashin can yafi.

To sai maganar yawan jama'a, wanda shine ainihin abun da yasa na ɗauki biro. Garin nan bai ƙaru ba, raguwa ma yayi in aka kwatanta da farkon ƙarnin da ya wuce, kuma sun san dalili ɗaya bayan ɗaya. Tun kafin yaƙin duniya na ɗaya talauci da ƙarancin gona suka sa samari suka yi ta tafiya ci-rani Amurka, da yawansu suka tare a wani gari Northampton a jihar Pennsylvania suna aiki a kamfanonin siminti, wasu sun dawo da ɗan abun da suka tara wasu kuma can aka binne su, har yau jikokinsu suna can. Sai yaƙi biyu, sai zaman cikin waya da ya kori matasa zuwa birni, sai kuma ƙarancin haihuwa irin na Turai na yanzu. Abun da ya burge ni shine duk wannan a rubuce yake. Coci tana da rajistar wanda aka haifa da wanda yayi aure da wanda ya mutu na ɗaruruwan shekaru. Gwamnati kuma tana ƙidaya kusan duk shekara goma tun 1869, tun 1880 ake tambayar mutum wane harshe ya tsotsa, na baya bayan nan anyi a 2011 da 2022. Shi yasa za'a iya ce maka Kuroshiyawan Hangari gaba ɗaya a ƙidayar 2011 dubu ashirin da 'yan kai ne, a Ostiriya kuma ƙidayar 2001 ta samu masu jin Kuroshiyancin Burgenland dubu sha tara da ɗoriya. Adadin ba yawa amma an sani, kuma da shi suke zuwa su nemi haƙƙi. Dokar Hangari ta 1993 ta amince da ƙananan ƙabilu 13 har da Kuroshiyawa, ta basu damar zaɓen majalisarsu ta kula da harshe da al'ada, kuma makarantar firamaren Petrovo Selo da harshe biyu ake koyarwa.

Ba wai ina cewa komai nasu lafiya lau bane. Yaron nan da kansa ya faɗa min abokin nasa da kakarsa yake Kuroshiyanci, da sa'o'insa kuwa harshen Hangari ne a baki, waya da talabijin ma haka. Harshen yana ja da baya, auratayya da zaman birni suna cinsa a hankali, su kiɗan tamburica, wani abun kiɗa mai tsirkiya kamar molo, da rawar gargajiya da addu'ar coci ne suke ɗan riƙe dashi. Amma ko ba komai suna ganin abun da ke faruwa dasu da idonsu, suna da lissafin da zasu ce bara mu kaza ne bana mun koma kaza, a tashi tsaye.

Mu kuwa ƙidayarmu ta ƙarshe 2006 ce, wadda aka shirya a 2023 aka ɗage, yaron da aka haifa shekarar da aka ƙirga mu yanzu ya isa aure. A waccan ƙidayar ance jihar Kaduna mutum miliyan 6 da 'yan kai, kuma ba'a tambayi ƙabila ko addini ba. Na fahimci dalili, mu 'yan Kaduna ba sai an faɗa mana abun da lissafin ƙabila da addini yake jawowa ba, mun binne mutane da yawa akan haka, Allah kada ya maimaita mana. Amma tsoron nan ya jawo mana wata asarar da bama magana akai. Yau waye zai faɗa maka da tabbaci mutum nawa ke jin Tyap ko Jju ko Hyam ko Adara, ko ƙananan harsunan da ke duwatsun Lere da Kauru waɗanda wasu ƙauye biyu ko uku ne kawai ke yinsu? Kuma in zamu faɗi gaskiya mu Hausawa, a nan harshenmu shine babban kifin. Maƙwabcina na shekara ashirin mutumin kudancin jihar nan ne, mutumin kirki, 'ya'yansa da nawa tare suka tashi, ranar nan yake ce min babu ko ɗaya a 'ya'yansa da zai iya gaida kakarsa da yarensu, Hausa da Turanci kawai. Yana faɗa yana murmushi amma naga idonsa. Ina son Hausa, da ita nake mafarki da ita na koyar a aji, sai dai bana son ace yaɗuwarta ta zama kabarin harshen maƙwabcina kuma babu ko wanda ya rubuta cewa anyi.

Ga kuma ƙauyukan da suke watsewa a gabanmu yanzu yanzu. Birnin Gwari, Giwa, Chikun, Kajuru, haka gefen Jibiya da Batsari da Zurmi, gari nawa ne 'yan bindiga suka tasa, mutanen suna nan a Rigasa da Mando da Maraban Jos suna haya ɗaki ɗaya, wasu sun tsallaka Maraɗi gudun hijira. Wannan fa shine irin abun da ya faru da kakannin mutanen Petrovo Selo shekara 500 da suka wuce. Nan da shekara hamsin jikan wanda ya gudo zai tambaya daga ina muke, wa ya kafa garinmu, gida nawa ne a ciki ranar da aka tashi, in ba'a rubuta yau ba wa zai bashi amsa? Tsofaffin da suka san jerin masu unguwanni da sunan rijiyoyi da inda aka binne wane suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya a gidajen haya.

Don haka ga roƙona gareku Malam Edita. Ku ware shafi ko rabin shafi duk mako, kowane mako ƙauye ɗaya. Ba sai wakilinku yaje ko'ina ba, malaman makaranta da ɗalibai da limamai da fastoci da ma'aikatan asibitin karkara suna nan ko'ina kuma kowa da waya a hannunsa, ku dai ku basu tambayoyin da zasu bi. Sunan garin da ma'anarsa, da sauran sunayen da maƙwabta ke kiransa dasu. Su waye suka fara zama kuma daga ina, me ya taso su. Wane harshe ake yi a gida wane ake yi a kasuwa, yara suna jin na gidan ko sun bari. Gida nawa ne, in ba'a san yawan mutane ba mai unguwa ai yasan yawan magidanta, ma'aikatan rigakafi ma suna da lissafin gidajen da suke shiga. Ina samarin suke tafiya ci-rani, Legas ko Fatakwal ko Agadas ko Libiya. Wanda ya rubuto ya faɗi daga bakin wa yaji, in zance biyu ya saɓa a kawo duka biyun kada a zaɓi wanda yafi daɗi. Kuma a fara da na bakin iyaka da waɗanda aka tasa, don sune suka fi kusa da ɓacewa. Wanda yake Kaduna kuma yana son ya zurfafa, ga Gidan Arewa ga ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa duk a cikin garin nan, akwai rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta gunduma gunduma lokacin da suke ƙirga mutane don haraji, da sunayen ƙauyuka da yawan masu biya, ko da niyyarsu daban ce lissafin yana nan zai yi mana amfani.

Nasan wani zai ce ana fama da tsadar masara da kuɗin makaranta wa yake ta tarihin ƙauye. Gaskiya ne ana fama. Amma rijiyar burtsatse da aji da ɗakin haihuwa duk da lissafin mutane ake rabasu, garin da ba'a san yawansa ba shine ake tsallakewa, kuma shine ake rufe wa hanya a wayi gari kawai ba tare da an tuna akwai mutane a wajen ba.

Ni zan fara da kaina. Akwai wani ƙanin mahaifiyata da ya rage, ya haura tamanin, yanzu yana zaune a Katsina wajen ɗansa tunda garin nasu ya zama ba'a kwana a ciki. In Allah ya kaimu hutun ƙarshen zango zan je in zauna dashi kwana biyu ko uku in ɗauki muryarsa a waya, in rubuta sunayen gidajen garin ɗaya bayan ɗaya da na dangin da ke tsallake, sai in aiko muku. Na kuma ce wa ɗan ƙanwata in ya sake komawa Petrovo Selo ya roƙi kakar abokinsa ta faɗa masa yadda suka yi zaman cikin waya, ya rubuto min da Hausa in haɗa muku dashi.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku,
Wani malamin makaranta,
Tudun Wada, Kaduna.